Ƙasar shuka ta buhu: abin da hannu da hanci za su gaya maka kafin ka biya

A sanyin bara na sayi buhu biyu na ƙasar shuka a wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi. Baƙa ce wuluk, ga nauyi, sai da yara biyu suka kama kowane buhu zuwa mota. Na cika bokitai takwas, na dasa tumatir da attaruhun da na rena da hannuna tun daga iri. Kwana biyar bakin ganyen ya fara ƙonewa, kafin mako biyu shida sun mutu. Da na juye bokiti ɗaya sai wani wari mai hawa kai ya buge ni, saiwar kuwa ta riga ta ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ne aka cakuɗa da laka. Abin ya yi mini ciwo, don wahalar wata guda ce ta tafi a banza, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Tsadar kayan miya ta sa gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sun koma shuka a bokiti da buhu da tsohuwar taya. Tsakar gida an shafe ta da siminti, dole a sayo ƙasa. Mafi yawan buhunan nan kuwa ba su da rubutun da zai nuna abin da ke ciki. Mai saye launi yake dubawa, sai nauyi, alhali su biyun ne suka fi yaudara.

Tukunya ba gona ba ce. A gona ruwa yana da inda zai gangara, saiwa tana da inda za ta miƙe ta nemi abin da take so. A bokiti kuwa a tsare take, abin da aka zuba mata shi ne duniyarta. Saiwa numfashi take yi, tana buƙatar iskar da ke maƙale a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Laka in ta sha ruwa sau uku sau huɗu sai ta danƙare, kafofin su toshe, saiwar ta shaƙe. Mai shuka ya ga ganye ya yi yaushi, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Saboda haka nauyin buhu abin zargi ne, ba abin murna ba.

Wannan matsala ta taɓa addabar masana ma. A shekarun 1930, a cibiyar binciken tsirrai ta John Innes da ke Ingila, William Lawrence da John Newell sun gaji da mutuwar tsirran gwaji, suka zauna suna auna haɗi iri-iri har suka tsayar da ma'auni: kashi 7 na ƙasa mai kyau da aka turara don kashe cuta, kashi 3 na ruɓaɓɓen gansakukar fadamun ƙasashen sanyi, kashi 2 na yashi mai kauri. Har yau ana sayar da ƙasa da wannan suna a can. Mu ba mu da irin wannan gansakuka, amma muna da ɓuntun shinkafa, musamman wanda aka babbaka bai zama toka ba, da garin ɓawon kwakwa, kuma suna buɗa ƙasa yadda ake so.

Ka nemi mai sayarwa ya buɗe buhun. Ɗebi cikin tafin hannu, yayyafa ruwa kaɗan, ka dunƙule. Mai kyau za ta haɗu, amma da ka taɓa ta da yatsa sai ta wargaje. In ta tsaya kamar curin fura tana manne wa hannu, laka ta yi yawa. In ta ƙi haɗuwa sam, yashi ne aka yi wa baƙi da toka ko garin gawayi.

Babbar magana dai ita ce nunar taki. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cin kashin dabbobi da ganye su mayar da su taki, kuma suna cikin aikin tsibin takin yakan ɗau zafi har ma'aunin digiri 55 zuwa 65. Wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, muddin ana juya tsibin kowane ɓangare ya shiga tsakiya. Aikin watanni ne, shi kuwa mai neman kuɗi da gaggawa ba ya jira. Takin da aka ɗura a buhu bai nuna ba zai ci gaba da ruɓewa a cikin tukunyarka, yana fitar da iskar amoniya mai ƙona saiwa, yana kuma cinye iskar da saiwar ke buƙata. Cusa hannu tsakiyar buhun da ke inuwa: in ka ji ɗumi, bai gama ba. Sannan ka shinshina. Warin fitsari amoniya ce. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ya jiƙe ya kwana babu iska. Takin da ya nuna ƙamshin ƙasa yake yi, irin na ranar da aka yi ruwan farko, kuma ba za ka iya nuna wannan kashin akuya ne, wancan ganye ne ba. Farar fumfuna a jikin 'yan itatuwan ciki ba abin tsoro ba ce.

Akwai masu ƙara auki da garin katako daga wajen masu yankan katako. Shi ba ya ƙona shuka, yunwa yake sa mata. Halittun nan suna son abinci mai kimanin kashi 30 na sinadarin kabon a kan kashi 1 na naitirojin, garin katako kuwa kabon ɗinsa ɗaruruwa ne a kan ɗaya. Sai su wawushe naitirojin ɗin da ke tukunyar don su iya cin katakon, ganye ya koma rawaya, shukar ta tsaya cak. Gishiri ma yana ɓarna: kashin kaji da toka in sun yi yawa sukan janye ruwa daga saiwa, alamarsu farin ɓawo kamar kanwa a saman ƙasa bayan ta bushe.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne takin bola. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a kan jakuna zuwa gona, kuma ta yi musu rana, don a da toka ce da kashin awaki da ragowar abinci. Bolar yau cike take da leda, fasassun kwalabe da matattun batura. Dalma da kadmiyom da ke fita daga irin waɗannan ba sa ruɓewa, kuma ganyaye irin alayyafo da latas suna iya zuƙar kadmiyom. Baza ƙasar a kan takarda ka tona. In ka ga ɓarɓashin batir ko gilashi, kada abin da yaranka za su ci ya fito daga cikinta.

Wata gubar kuma ba ta da wari ba ta da launi. A 2008 masu lambu a Birtaniya sun wayi gari tumatir da dankali da wakensu sun murɗe, ganye ya nannaɗe. Aka gano wani maganin ciyawa mai suna aminopyralid, da aka fesa a makiyaya, ya bi ta cikin shanu da dawakai ya fito a kashinsu da ƙarfinsa, har hukuma ta dakatar da shi na wani lokaci. Gwajin da ake ba masu lambu shawarar yi a can, mu ma muna iya yinsa, kuma yana tona asirin ɗanyen taki da gishiri gaba ɗaya. Cika gwangwanaye uku da ƙasar buhu, uku da ƙasar da ka yarda da ita, huda gindinsu, ka shuka wake uku-uku. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga bambanci a yawan tsiro, da tsayi, da kamannin ganye. Ka bar gwangwani guda babu iri kana ba shi ruwa, ka ga irin ciyawar da aka sayar maka.

A buɗe buhu a fili, nesa da fuska, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a wanke hannu bayan an gama. A Ostireliya da New Zealand har gargaɗi ake bugawa a jikin buhu, saboda wata ƙwayar cutar huhu da ke rayuwa a irin wannan ƙasa.

Buhuna na biyu ban zubar ba. Na juye shi a inuwa, na gauraya da busasshen ganye, ina jiƙawa ina juyawa kowace Asabar. Bayan mako shida warin ya tafi, na ƙara ɓuntu da yashi, na shuka wake tara a gwangwanaye, takwas suka fito lafiya. A cikinsa na dasa tattasan da muka ci da azumi.