Alƙaluma ba bayani: Yadda binciken muhallin Kano ke salwanta a cikin kwamfutoci

A ce an buɗe wani tsohon littafin auna ruwan sama na Kano, aka tarar da lamba 34 babu wani rubutu a gefenta. Idan inci ake nufi, to ya kai kusan milimita 864, wato kusan ruwan damina guda ke nan. Idan kuwa milimita ne, ruwan dare ɗaya ne mai ɗan ƙarfi.

Lambar ba za ta iya faɗa da kanta ba. Sai wanda ya rubuta ta ya bar bayanin ma'aunin da ya yi amfani da shi, da wurin da ya auna, da ranar.

Wannan ƙarin bayanin shi masana ke kira metadata, wato bayanin bayanai. Shi ne ke raba alƙaluman da za su amfani jama'a bayan shekara 50 da waɗanda za su bi mai su kabari.

Rumbunan da ke intanet

A titin Sabo Bakin Zuwo, kusa da unguwar Nassarawa GRA, akwai reshen Kano na Cibiyar Binciken Noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967. A nan ne kuma masu bincike na ICRISAT, cibiyar da ta ƙware kan amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa, suke da ofishinsu.

Kowace damina ma'aikatansu na tattara alƙaluma daga gonakin gwaji da na manoma: yawan ruwan da ya sauka, irin ƙasar wurin, ranar shuka, yawan wake ko dawa ko gyaɗar da aka girbe.

Dukkan cibiyoyin biyu na ƙarƙashin ƙungiyar CGIAR, wadda a 2013 ta amince da manufar buɗe sakamakon bincikenta ga kowa. Shi ya sa kowaccensu ke da rumbun bayanai a intanet, inda ɗalibi a Wudil ko masani a Yamai zai iya sauke kundin alƙaluma.

Sai dai ba a jefa kundi cikin rumbun haka kawai. Akwai fom da mai bincike zai cike: sunan aikin, waɗanda suka yi shi, wuri, lokacin farawa da gamawa, hanyar da aka bi wajen aunawa, ma'anar kowane layi na jadawalin, da sharuɗɗan amfani da shi.

Tsarin da CGIAR ke bi, CG Core, an gina shi ne a kan Dublin Core, wani jerin abubuwa 15 da ya samo asali daga taron da aka yi a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka a 1995.

Wace Kanon ake nufi?

Abin da ya fi rikita mai karanta tsofaffin alƙaluman Arewa shi ne wuri.

Kafin watan Agustan 1991, Jihar Kano ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse. Da aka ƙirƙiro Jigawa, faɗin ƙasar da yawan gonakin suka ragu. Duk wanda ya jera alƙaluman noman gero na Jihar Kano na 1985 da na 1995 ba tare da an faɗa masa haka ba, zai ɗauka noma ne ya durƙushe.

Haka Katsina take, domin sai a 1987 aka cire ta daga Jihar Kaduna.

Ga kuma sunaye masu kama da juna. Akwai Tudun Wada ƙaramar hukuma a kudancin Kano, akwai unguwar Tudun Wada a cikin birnin, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Gusau. Ita kanta Nassarawa ƙaramar hukuma ce a Kano, kuma akwai jiha mai irin sunan.

Saboda haka ake buƙatar lambobin taswira. Amma su ma suna da tarko: tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne bisa ma'aunin Minna, alhali GPS ɗin waya yana aiki da ma'aunin WGS 84. Idan ba a rubuta wanda aka bi ba, rijiya ko gona za ta iya gocewa da gomman mitoci, ta faɗa filin maƙwabci.

Dami nawa ne kilo?

Manomi ba ya lissafin amfaninsa da kilo. Dami yake ƙirgawa, ko buhu, ko tiya, ko mudu.

Damin wani ƙauye ba lallai ya zo daidai da na wani ba. Tiyar da aka cika ta yi tozo daban take da wadda aka shafe bakinta. Mai bincike nagari kan auna ma'aunin wurin a sikeli, ya rubuta nauyinsa a cikin bayanin kundin, ya kuma faɗi ko hatsin sussukakke ne ko yana kan zangarniya.

Sunan amfanin gonar ma sai an kula. Turanci na iya haɗa gero da maiwa a kalma guda, alhali kowane manomi ya san gero kan riga maiwa nuna da nisa. Ga mai nazarin gajeruwar damina, wannan bambancin shi ne dukkan labarin.

Akwai kuma gurbin da babu komai. Wasu na cike ranar da ba a auna ruwa ba da lamba irin -99 ko 999, wasu su bar wurin fayau, wasu su sa sifiri. Sifiri na nufin ba a yi ruwa ba. Gurbi na nufin ba a duba ba. Idan aka cakuɗa su, kwamfuta za ta ƙirƙiro farin da bai taɓa faruwa ba.

Kuskuren ma'auni ba na ƙananan cibiyoyi ba ne kaɗai. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya ɗauka ma'aunin mita ne.

Abin da ke hannun Kano

Kano na cikin garuruwan da suka fi daɗewa ana rubuta ruwan samansu a Najeriya, domin bayanan sun faro tun 1905. A yau hukumar NiMet na da tashar auna yanayi a filin jirgin saman Malam Aminu Kano.

Cikin wannan dogon jeri akwai farin farkon shekarun 1970, da na 1983 zuwa 1984, da kuma ruwan Agustan 1988 da ya ɓalle madatsar Bagauda. Injiniyan da zai gina magudana ko gada yana buƙatar sanin ruwa mafi ƙarfi da aka taɓa gani, kuma ba zai amince da lambar ba sai ya san yadda aka samo ta.

Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bibiyar ƙauyuka irin Dagaceri da gonakin kewayen Kano. Ayyukansa sun ƙalubalanci ra'ayin cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. Irin wannan hujja ba ta samuwa sai an koma wuri ɗaya an sake aunawa ta hanya ɗaya.

Haka batun gurɓatar kogunan Challawa da Jakara da ruwan masana'antun Sharaɗa da Bompai. Ɗalibai da dama sun ɗebi ruwan sun auna sinadarai irin kuromiyam da majemu ke amfani da shi. Amma ruwan da aka ɗiba a watan Maris, lokacin da kogi ya ja baya, ba a kwatanta shi da na Agusta. Idan ba a rubuta wata da gaɓar da aka ɗiba ba, ba wanda zai iya cewa lamarin gyaruwa yake yi ko ƙara lalacewa.

Yadda bayanai ke ɓacewa

Wani nazari da mujallar Current Biology ta wallafa a 2014 ya bibiyi maƙaloli 516 da aka buga tsakanin 1991 da 2011. Ya gano cewa damar samun ainihin alƙaluman na raguwa da kashi 17 cikin 100 a kowace shekara. Daga cikin dalilan akwai adireshin imel da ya daina aiki da tsofaffin faya-fayan da babu na'urar karanta su.

A nan gida, hanyoyin sanannu ne: kwamfutar hannu ta lalace ko a sace ta, filashi ya ɓata, malami ya yi ritaya, gara ta cinye kundin digiri a ɗakin ajiya.

A 2016 wasu masana suka fitar da ƙa'idojin da ake kira FAIR. Abu huɗu suke nema ga kowane kundi: a iya gano shi, a iya samun sa, ya iya haɗuwa da wasu, a kuma iya sake amfani da shi. Rumbunan zamani kan ba kundi lambar shaida ta dindindin, DOI, ta yadda duk wanda ya yi amfani da shi zai ambaci mai shi.

Wannan na rage fargabar masu bincike da ke ganin wani zai ci guminsu. Amma buɗewa na da iyaka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi kan duk mai riƙe da bayanan mutane, don haka ake cire sunan manomi da lambar wayarsa, a kuma dusashe ainihin wurin gidansa kafin a saki kundi.

Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a 2012, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban na karatun digiri na biyu da na uku a cikinta. Kowannensu zai bar jadawalin alƙaluma idan ya gama.

Aikin bayyana jadawalin bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kuma ya fi sauƙi a ranar da aka dawo daga gona, tun kafin a manta wace tiya aka auna da ita.