"Ka Dawo Gobe": Takaicin Aiki a Ofisoshin Gwamnati

Duk wanda ya taɓa bin kuɗin fansho ko takardar mallakar fili a wata ma'aikatar gwamnati ya san kalaman nan: "Oga bai shigo ba." "Ba a ga fayil ɗinka ba." "Ka dawo gobe." A ƙa'ida, ma'aikacin gwamnatin tarayyar Najeriya yana kama aiki ƙarfe 8 na safe, ya tashi 4 na yamma. Amma a ofisoshi da dama, ƙarfe 10 masinja da mai shara kaɗai za a tarar, alhali littafin sa hannu ya cika, domin wanda ya fara zuwa ya sa wa abokansa. Dattijo zai biya kuɗin mota daga ƙauye, ya zauna a benci har azahar, ya koma gida hannu rabbana.

Sai dai akwai wanda takaicin ya fi ci, kuma ba a cika tuna shi ba: ma'aikacin da ke yin aikin tsakani da Allah. Kusan kowane sashe yana da irinsa, mutum ɗaya ko biyu. Wasiƙar gaggawa shi, lissafin ƙarshen wata shi, fayil ɗin da ya ɓace shi zai shiga cikin ƙura ya lalubo. Idan wata ya ƙare, albashinsa daidai yake da na wanda ya yi wata guda yana harkar kasuwancinsa a waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har ba shi shawara ake yi: "Aikin gwamnati ba ya ƙarewa, ka bi a hankali." Da yawansu ƙarshe sukan ɗauki shawarar, kuma wannan ita ce babbar asarar.

Gwamnatoci sun sha gwada bulala. A 1975, Janar Murtala Muhammad ya sallami ma'aikata sama da 10,000 nan take bisa zargin rashin ƙwazo, cin hanci ko tsufa. Jama'a sun yi tafi, amma masana da dama na ganin korar ta tsorata ma'aikata, ta koya wa wasu su tara abin kansu tun kafin a waiwayo su. A 1984, lokacin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, sojoji sun riƙa sa masu makara tsallen kwaɗo. An daina makara na ɗan lokaci. Da tsoro ya gushe, hali ya dawo.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa ko kaɗan, wasu ma babu su a duniya. A watan Fabrairun 2016, Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage kashe kusan naira biliyan 2.29 duk wata. A 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje amma suka ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabannin da suka rufa musu asiri. Wannan kashi na biyu shi ne mai muhimmanci, domin mutum ba ya ɓacewa daga teburinsa shekara guda ba da sanin ogansa ba.

Ƙin yin aiki daban, rashin iya shi daban. Jihar Kaduna ta nuna hakan a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100 da aka gindaya. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, amma tambayar da ta fi zafi ita ce: wa ya ɗauke su aiki tun farko? Malamin da ya samu alli ta hanyar wasiƙar ɗan siyasa bai ɗauki kansa ba, kuma yaran talakawa ne suka biya kuɗin wannan alfarma da shekarun karatunsu.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake auna ma'aikaci. Shekara da shekaru ana amfani da fom ɗin APER, wanda oga ke cikewa sau ɗaya a shekara. Wane oga ne zai rubuta wa mutumin da suke sallah sahu ɗaya, suke zuwa sunan 'ya'yan juna, cewa rago ne? Sai kowa ya fito da maki mai kyau. Ma'aikaci a matakin albashi na 7 zuwa 14 kuwa, bayan shekara uku ya isa neman ƙarin girma, ko ya yi gumi ko bai yi ba.

Ƙarancin albashi ma ba ƙarya ba ne. Naira 70,000 da aka amince da ita a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024 ba ta kai mai iyali ƙarshen wata, shi ya sa wasu ke sulalewa su je neman ƙari. Amma dattijon da ke jiran fanshonsa ba shi ya yanka musu albashin ba.

Tun 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM domin jama'a su kai ƙorafi idan an yi musu wasa da buƙata, sai dai 'yan ƙalilan ne suka san da teburinta a ma'aikatu. A shekarun baya-bayan nan, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fara maye gurbin APER da sabon tsari, inda oga da ma'aikaci ke rubuta ayyukan da za a kammala tun farkon shekara, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Jihohi da ƙananan hukumomi, inda mafi yawan talakawa ke zaman benci, su ne ya kamata su fi kowa gaggawar ɗaukar wannan tsari.