Kafin a kafa cajar mota a gida, a duba wayarin

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu hali suka fara waiwayar mota mai aiki da lantarki. Tambayarsu ta farko ita ce nisan da batir zai kai su. Ba kasafai ake tambayar ko wayarin gidan zai iya ɗaukar nauyin cajin ba, alhali nan haɗarin yake.

Cajar da ake kafawa a bango tana jan amfiya 32, wato kusan kilowat 7 a wutarmu ta bolt 230. Kamar a kunna na'urar sanyaya ɗaki biyar ne a lokaci guda. Kuma ba ta hutawa: batir mai kilowat-awa 60 yana cin kusan awa 8 kafin ya cika, galibi da dare, kowa yana barci. Dutsen guga yakan ja wuta ya saki, ita kuwa ja take yi ba ƙaƙƙautawa, har siririyar waya ko sakakken haɗi su yi zafi, roba ta narke. Shi ya sa dokar wayarin ta Amurka ta wajabta a ba layin ƙarfin kashi 125 cikin 100 na abin da cajar ke ja.

Don haka caja tana bukatar layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da waya mai kauri ta jan ƙarfe, da birekarta. Soket ɗinmu mai ƙafa uku, irin na Birtaniya, iyakarsa amfiya 13. Jona mota ta doguwar wayar ƙari kuwa ganganci ne tsagwaronsa.

Akwai kuma wayar ƙasa, wadda gidaje da yawa a nan ba su da ita, ko kuma an binne sandarta an manta. Jikin mota ƙarfe ne. Idan wuta ta zurare cikinsa ba ta sami hanyar ƙasa ba, jikin wanda ya taɓa ƙofa za ta bi. Na'urar da ake kira RCD ita ke katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Sai dai wutar DC, wato irin ta batir, daga mota tana iya makantar da gama-garin RCD, don haka ake neman nau'in B, ko cajar da ke gano DC ta miliamfiya 6 da kanta.

Mai sayen mota, ka kira ƙwararren mai wayarin mai lasisi ya auna gidanka tun kafin ka biya kuɗinta.