Sankarar da ke ɓuya a ƙodar da ta daina aiki

Ƙodar da inji ya karɓi aikinta ba ta zama haka kawai a jiki. Shekara da shekaru ana wankin ƙoda, sai ta tsotse, ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwa su tsiro a cikinta. Likitocin Oxford a Ingila ne suka bayyana wannan a 1977, kuma mafi yawan waɗanda suka haura shekara 10 a kan inji suna da su. Daga nan sankara kan taso, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware mata suna a 2016. Abin da ke sa a makara shi ne, jini a fitsari na cikin manyan alamomin da ke tona asirin sankarar ƙoda, ga shi mai wankin ƙoda da ƙyar yake fitsari. Shi ya sa nake ganin hoton ciki lokaci-lokaci ya zama dole ga wanda ya daɗe a kan inji. A Japan, inda dashen ƙoda ya yi ƙaranci, an ga waɗanda hoto ya gano tasu sun fi tsira. Tiyatar ma da sauƙin yanke shawara, tunda ƙodar da za a cire ba ta tsinana komai.

Wasu likitoci na cewa ɗaukar hoton ɓarnar kuɗi ce, ciwon zuciya ne ke kashe yawancin majinyatan tun kafin sankara ta girma. Ga dattijon da jiki ya yi rauni, da gaskiyarsu. Amma matashi mai jiran dashe daban ne, domin magungunan bayan dashe na rage garkuwar jiki, sankarar da aka bari kuwa ta samu fili.