Fim Bebe Ta Ina Ya Samu Yare?

A zangon da ya wuce, ina cikin haɗa aikina na kammala difloma kan adana tsofaffin fina-finai, sai na ci karo da wani fim na 1925 mai suna Yidishe Glikn. An ce fim ɗin Yidish ne, amma ko tari ba a ji a cikinsa. Na ce to fa, fim bebe ta ina ya samu yare?

Yidish shi ne harshen gida na Yahudawan gabashin Turai. Tushensa Jamusanci ne, ya gauraya da Ibrananci da harsunan maƙwabta irin su Folish da Rashanci. A fim bebe, yaren yana cikin rubutun da ake saƙalawa tsakanin hotuna, da labarin kansa, da kuma 'yan wasan da suka fito daga dandalin wasan kwaikwayo na Yidish. Wannan fim ɗin an yi shi ne a Tarayyar Sobiyet daga labaran Sholem Aleichem, jaruminsa kuwa Solomon Mikhoels ne, wanda aka kashe a 1948 bisa umarnin Stalin.

Yawancin irin waɗannan fina-finai sun ɓace. Kafin wajen 1950, a kan zaren naitiret ake ɗaukar fim, shi kuwa yana kama wuta kamar fetur, in ya daɗe ya yi danƙo sannan ya koma gari. Ga kuma yaƙin duniya na biyu, inda 'yan Nazi suka kashe Yahudawa miliyan 6, galibinsu masu jin Yidish. Masu kallon sun tafi, gidajen silima sun rushe, wa zai adana fim?

Wani ma sa'a ce ta cece shi. Tkies Kaf, da aka yi a Foland a 1924, ya tsira ne saboda a 1933 an sake haɗa shi a New York aka sa masa murya. Da ba don kasuwancin nan ba, da shi ke nan.

A 1976 aka kafa wata cibiyar fina-finan Yahudawa, wadda ke Jami'ar Brandeis a Amurka, ta fara da tarin fina-finan Yidish 30. Aikinsu na haƙuri ne: a nemo guntu nan guntu can, a kwatanta kwafi da kwafi, a wanke, a juya a sabon zare, a fassara rubutun. Haka aka dawo da Gabas da Yamma na 1923, wanda Molly Picon ta fito a ciki a Biyana.

Abin da ya taɓa ni, an ɗauki wani sashe na Yidishe Glikn a garin Berdichev. A 1941 aka hallaka Yahudawan garin, amma a fim ɗin titunansu da fuskokinsu suna nan. Wallahi da na je gida hutu, abin da na fara dubawa shi ne kwalin kaset-kaset ɗin bidiyo na Baba. Rabinsu sun yi fumfuna. 'Yan uwa, ku ma ku duba naku tun da sauran lokaci.