Gilashin Da Nake Shiga Kasuwa Da Shi

Matasan da suka sayi kyamara sukan tambaye ni wane gilashi za su ɗaura mata in za su ɗauki hoton jama'a a kasuwa ko a bakin titi. Ni mai milimita 35 nake cewa. Lambar nan da ke jikin gilashin ita ke nuna faɗin abin da kyamara za ta kwaso. In ƙarama ce, kamar 24 ko 28, komai sai ya shigo hoto. In babba ce, kamar 85 ko 200, sai ta jawo abu mai nisa kusa, ta yar da duk abin da ke gefensa.

A Kwanar Dangora ta ƙaramar hukumar Kiru, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta ɓalle daga titin Zariya, ba fuska kaɗai nake nema ba. Ina son mai rake da wuƙarsa, da ɗan kamashon da ke kiran fasinja a bayansa, da motar da aka lafta wa buhunan masara. Da 35, taku uku ko huɗu ya ishe ni in haɗa su duka. Mai 28 yakan karkace fuskar wanda ya faɗo gefe, abin da muke gani a hotunan waya, domin babbar kyamarar yawancin wayoyi wajen 24 zuwa 26 take. Mai 50 gilashi ne mai kyau, shi mai ɗaukar hoton nan Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ya riƙe kusan duk rayuwarsa, amma a cunkoson kasuwar shinkafa ta Tudun Wada ba filin ja da baya.

Babban dalilina kuwa mutunci ne. Mai 35 ba ya barin ka ɓuya. Dole ka matso, ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Baba, ka yarda in ɗauka?" In ya ƙi, ka gode masa ka wuce. Matar aure kuwa ba na ɗaga mata kyamara sai da yardarta. Mai dogon gilashi yana iya tsayawa can ƙetaren titi ya ɗauki mutum bai sani ba, kuma wannan ba ta yi mini ba ko kaɗan. Dogon gilashi na da wurinsa: masunta a kwalekwale can tsakiyar dam ɗin Tiga a Bebeji, ko duwatsun Riruwai daga nesa.

Ga kuma ƙura. Lokacin hunturu duk cire gilashin da ka yi a waje, ƙura ka buɗe wa ƙofa. Gara a ɗaura gilashi ɗaya tun daga gida.

A kula da wani abu. Yawancin ƙananan kyamarorin Canon da Nikon na hannu da ke yawo a wajenmu allon karɓar haskensu ƙarami ne, don haka sai an ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. Mai 50 a kan irin wannan Canon ya koma kamar 80, ya matse ƙwarai. Wanda ke da gilashin 18-55 da kyamarar ta zo da shi ba sai ya sayi komai ba: ya tsayar da shi a 22 in Canon ce, ko 24 in Nikon ce, ya koma kamar 35 ke nan, ya daina murzawa, ya riƙa matsawa da ƙafa.