Yadda ake farfaɗo da cikin tsofaffin motocin Amurka a Kuba

A ƙasashen Turai da Amurka gyaran tsohuwar mota a gida aiki ne na sha'awa, amma a ƙasar Kuba hanya ce ta neman abinci, kuma sau da yawa ɗinkin kujerun mota ke nuna irin kuɗin da za ta samar wa mai ita.

An ƙiyasta cewar tsofaffin motocin Amurka kimanin dubu 60 suka rage a tsibirin, waɗanda suka haɗa da Chevrolet da Ford da Buick, kuma galibinsu an ƙera su ne kafin juyin juya halin da Fidel Castro ya jagoranta a shekarar 1959.

Dalilin da ya sa suka daɗe

Takunkumin cinikin da Amurka ta fara ƙaƙaba wa Kuba a 1960, wanda shugaba John F. Kennedy ya faɗaɗa a 1962, ya toshe hanyar shigo da sababbin motoci da kayan gyara daga Amurka. Kazalika, har zuwa shekarar 2011 motocin da suka shigo kafin juyin juya hali ne kawai doka ta yarda jama'a su saya ko su sayar a tsakaninsu ba tare da izini na musamman ba.

Ko da gwamnatin Raul Castro ta sassauta dokar sayen sababbin motoci a 2014, farashinsu ya fi ƙarfin talaka, domin kuwa an sa wa Peugeot 508 kuɗin da ya kai dala dubu 262. Saboda haka tsohuwar mota ta zama gadon da iyali ke riƙewa da hannu biyu.

Yadda aikin yake gudana

Matakin farko shi ne kwance kujeru da cire kafet domin a duba ƙarfen ƙasan motar. Iskar teku mai gishiri da laimar tsibirin suna haddasa tsatsa, don haka sai an yanke inda ya rube an yi walda, in ba haka ba sabon ɗinki zai zauna ne a kan ruɓaɓɓen tushe.

Daga nan sai a warware tsohuwar rigar kujera a hankali, ana bin layin zare. Masu sanin aikin ba sa yaga ta komai lalacewarta, saboda ita ce za a shimfiɗa a kan sabuwar leda a fitar da awo. Kowane yanki akan sa masa alama domin kada a rikice wajen haɗawa.

A motocin wancan zamani, akan ɗora buhu da auduga ne a kan sifirin na ƙarfe. Mai gyara yakan ɗaure sifirin da suka saki, ya sauya waɗanda suka karye, sannan ya maye gurbin audugar da soso. Bayan an ɗinka sabuwar rigar da keken ɗinki mai ƙarfi, akan shanya ta a rana ta yi laushi, a ja ta a kan kujerar daga tsakiya zuwa gefe, a maƙale ta da ƙananan zobba na ƙarfe. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ƙare da kujera mai tattara.

Sauran aikin ya shafi bangon ƙofofi, waɗanda aka yi su da kwali mai kumbura idan ya sha ruwa, shi ya sa da yawa ke musanya shi da siririn katako. Kyallen rufin ciki kuma ana rataya shi ne a jikin wasu sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, kuma dole kowace ta koma gurbinta na asali.

Babbar matsalar ita ce samun kayan aiki. Leda mai kyau da gam da zare mai ƙwari sukan yi wuya a kasuwa, don haka wasu ke dogaro da 'yan'uwansu mazauna birnin Miami, waɗanda ke kawo musu a cikin jakar tafiya.

Mota iri biyu, kasuwa iri biyu

Motocin da ke jigilar jama'a a Havana, waɗanda ake kira almendron, ƙarko ake nema musu. Akasarinsu an sa musu injin dizal, an lulluɓe kujerunsu da leda mai kauri, kuma direbobinsu sun yi suna wajen gargaɗin fasinja da kada ya buga ƙofa da ƙarfi.

Su kuwa motoci marasa rufi da ke yawo da baƙi a titin Malecon na bakin teku, ado ne jarinsu. Akan ɗinka kujerunsu da launi biyu daidai da fentin jiki, kasancewar baƙon da zai biya kuɗin waje yakan leƙa ciki kafin ya zaɓa.

Sai dai wannan kasuwa ta gamu da koma baya. Amurka ta hana jiragen ruwan yawon buɗe ido zuwa Kuba a 2019, sannan annobar korona ta biyo baya a 2020. Baƙin da suka kai kimanin miliyan 4.7 a 2018 sun ragu zuwa wajen miliyan 2.2 a 2024, ga kuma ƙarancin man fetur.

Masu tara tsofaffin motoci a ƙasashen waje sukan raina waɗannan motoci, saboda kaɗan ne daga kayan jikinsu suka rage na asali. Amma ga magidancin da ya shafe makonni yana ɗinki a ƙofar gidansa, abin da ke gabansa shi ne motar ta fita aiki da safe ta dawo da kuɗin cefane.